Duwatsun Kan Ɗakin Inna

Masu tambayata ko tela ya cika alkawari, ya cika. Leshi ne ruwan zuma, da aiki a wuya da bakin hannu. Yanzu haka yana jiƙe a bokiti, tsatsa a gwiwa, jini a kafaɗa, kuma jinin ba nawa ba ne. Ku zauna in ba ku labari.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Laila. Gidanmu yana unguwar Dabokpa a Tamale, irin tsohon gidan nan mai ɗakuna a jere da bishiyar dogonyaro a tsakar gida. Tun rasuwar Inna, ni da Baba ne kaɗai a ciki. Malamin makaranta ne da ya ajiye aiki. Bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, yana dawowa daga asibiti ya sa aka kwashe masa littattafansa zuwa ɗakin Inna. Ya ce nan ne kawai masu zuwa dubiya suke jin kunyar daɗewa.

A kan rufin wannan ɗakin akwai duwatsu. Duk wanda ya tashi a tsohuwar unguwa a Tamale ya san su. In kwano ya tsufa, ƙusa ta daina riƙo, sai a ɗora masa nauyi: dutse, bulo, tsohuwar taya. Hadarin farkon damina a garin nan iska yake turowa kafin ruwa, kuma iskar ba ta tambayar gidan waye. Inna ce ta tara namu da hannunta, har da rabin dutsen niƙanta da ya fashe. Kowace shekara, da zafi ya yi tsanani, sai ta hau tsani ta gyara musu zama.

Ana cikin goman ƙarshe na azumi Gwaggo Mulikatu, ƙanwar Baba, ta sauka daga yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, da albishir. Mutanen Mahfuzu za su zo washegarin Sallah, su ga gida, su kawo goro. Mahfuzu shi ne wanda nake so. A unguwar Vittin suke, inda rufi ke da launi kuma babu wanda ya taɓa ganin dutse a kansa. A shagon maganin yayansa yake aiki, hannunsa ya fi nawa laushi.

Gwaggo ta tsaya a tsakar gida, ta ɗaga kai.

"Laila, wannan gida ne ko maƙabarta?"

"Gwaggo, ai gyaran Sallah nake shirin yi."

"Gyara bango ki bar wancan? Mata za su shigo, abin da za su fara gani ke nan. Su koma Vittin su ce yarinyar a ƙarƙashin tsauni ta girma. A sauke su."

"Damina ta kusa fa."

"Damina ta kusa tun ina budurwa. Miji ne ba ya kusa kullum."

Na yi aiki a gidan nan, Allah ya sani. Da azumi a bakina na kankare tsohon fenti, na cike tsagun bango da siminti, na shafa fari a sama, shuɗi a ƙasa har zuwa ƙugu, na ja layin da zare don kada ya karkace. Famfon da ke ɗiga na ɗaure masa wuya da robar tayar babur. Ƙyauren banɗaki na sake masa maɗauri. Na ɗinka labule masu ruwan goro, na shimfiɗa sabuwar leda a ɗakina, na sayo furannin roba a kasuwar Aboabo. Duk wannan bai rufe bakin Gwaggo ba. Kullum ta kira, gaisuwarta ɗaya ce: "An sauke?"

Sai na tura wa Mahfuzu hoton rufin.

Ya amsa nan take: "Wannan ce matsalar? Ƙusa mai hula kawai yake so. Ni zan buga da kaina."

"Ka taɓa hawa rufi?"

"Don ke zan hau har hasumiyar masallaci."

Na yi dariya ni kaɗai a madafa kamar marar hankali. Ku 'yan mata, kun san irin dariyar.

A wayar nan dai na ga wani bidiyo, wata mata ta shafe duwatsu da farar ƙasa ta kewaye furanninta. Na ce shi ke nan, abin kunya ya zama ado. Ranar Juma'a, da maƙwabcinmu ya ɗauki Baba zuwa masallaci, na hau tsani na sauke su da igiya da bokiti, Gwaggo tana karɓa tana sa mini albarka. Na wanke su, na shafe su fari fat, na jera su daga bakin zaure har gindin dogonyaro. Rabin dutsen niƙan Inna na sa shi a tsakiya, na ɗora masa tukunyar fure.

Baba ya dawo yana jan ƙafa, ya tsaya ya daɗe yana kallon layin.

"Ya yi kyau, Baba?"

"Ya yi fari," in ji shi. Ya shige ɗaki.

Washegari da safe Mahfuzu ya zo da guduma sabuwa, takardar shago ma ba a cire mata ba. Ya hau, na riƙe masa tsani. Na ji bugu, na ji bugu, sai shiru. Ya sake bugawa kaɗan, ya sauko da wuri fiye da yadda na zata, gumi har cikin ido.

"Har ka gama?"

"An gama. Ko guguwa ta zo sai dai ta gaishe shi ta wuce."

Yana maganar yana kallon takalminsa. Na ce azumi ne.

Daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba, kuma ban san dalili ba. Zafi ya yi nauyi kamar an kifa wa gari tukunya. Da rana kwanon yana ƙas, ƙas, shi kaɗai. Kowace safiya in na shiga share ɗakin Baba sai in tarar da wani gari mai ruwan ƙwai a kan littattafansa, a kan matashinsa, har a cikin kofinsa. In goge, gobe ya dawo. Ban tambaya ba. Akwai tambayar da mutum ya san in ya yi ta, shirinsa duka zai rushe. Sai dai in fita in kalli gabas, in ga sama wayam, in ce alhamdulillahi, in koma guga.

Sallah ta zo ta wuce lafiya. Washegari bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida. Mahfuzu ne ya tuƙo su, ya zauna a motar kamar yadda ya kamata, don saurayi ba ya shiga irin wannan zama. Gwaggonsa ce ta shigo, Hajiya Memunatu, da wata ƙawarta. Ni kuma ina ɗakina cikin leshi da ɗauri mai hawa, ina leƙe ta gefen labule, don ba a fitowa sai an kira.

Hajiya Memunatu doguwa ce, kakkaura, dillaliyar doya. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka" da "shi" ne a bakinta. Suka tsaya a bakin ƙofar Baba suka gaishe shi, ya amsa daga ciki, sannan suka zauna a kujerun roba ƙarƙashin dogonyaro. Gwaggo ta kawo zomkom, wato ruwan gero mai sanyi, da naman Sallah. Ƙunshin goro yana kan tire.

"Gida ya yi tsaf," in ji Hajiya. "Wa ya yi fenti?"

"'Yarmu, da hannunta," in ji Gwaggo, murya kamar an zuba mata zuma. "Har duwatsun nan dabararta ce."

Hajiya ta dubi duwatsun. Ta ɗaga kai ta dubi rufin. Ta kurɓi zomkom.

Wayata ta yi motsi. Mahfuzu ne: "Kin ga gabas?"

Na leƙa ta taga. Sama ta yi baƙi daga ƙasa, kamar an zuba tawada a ruwa. Hasken tsakar gida ya koma rawaya. Kajin maƙwabta suka yi tsit. Ganyen dogonyaro ko motsi ba ya yi.

Na rubuta: "Ai ka buga ƙusa."

Na ga alamar yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa. Ya daina.



Iskar ba ta yi sallama ba. Labulena ya tashi ya mare ni a fuska. Furannin roba suka bi ta kan katanga, kujera ɗaya ta kife, tiren nama ya yi ƙara a ƙasa. Sai na ji abin da ba zan manta ba har in mutu: kwanon ɗakin Inna ya ɗaga daga kusurwa, ya buɗe baki, ya koma ya buga. Ya sake ɗagawa, wannan karon na ga haske ya shiga ɗakin ta sama. Daidai kan gadon Baba.

Na fito a guje, na manta da kunya, na manta da baƙi.

"Baba! Baba, buɗe!"

Ƙofar a tokare take daga ciki. Ya sa mata sandarsa.

"Koma wurin baƙinki," in ji shi. Muryarsa kamar yana karanta jarida.

"Rufin zai tafi! Katako zai faɗo maka!"

"To a ja ni a ƙasa gaban surukai kamar buhun gawayi? A ɗakin nan uwarki ta cika. Ba mugun wuri ba ne."

"Baba, don girman Allah!"

Kwanon ya sake bugawa, wani guntun katako ya faɗi a ciki, na ji ƙararsa a kan leda. Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana salati tana juyi a wuri ɗaya.

Ban yi shawara da kowa ba. Na fizge ɗaurin kaina, na tattare leshi na cusa a ƙugu, na jawo tsani.

"Laila, kin haukace?" in ji Gwaggo. "A gaban mutane?"

Wadda ta amsa mata Hajiya Memunatu ce. Ta jefar da mayafinta, ta tuɓe takalmi, ta sunkuya ta ɗauki farin dutse kamar tana ɗaukar doya.

"Hajiya Mulikatu, ka riƙe tsani ka bar kuka. Yarinya, ka hau. Ka bi kan bango, kar ka taka tsakiya."

Haka Inna take cewa. Bi kan bango. A nan kaɗai kwanon yake zaune a kan abu mai ƙarfi. Tsakiya kuwa katako ne, in ya karye da ni, a kan Baba zan sauka.

Na hau da rarrafe. Sama ba ta taɓa kusa da ni haka ba. Iska tana tura ni, ƙasa tana shiga idona, kwanon yana numfashi a ƙarƙashin gwiwata kamar dabba. Daga can na ga rufin wani gida ya tashi ɗungurungum, ya juya a sama, ya faɗa bayan masallaci. Wata mata tana ihu tana kiran sunan ɗanta. Hajiya ta hau rabin tsani tana miƙo dutse, ƙawarta tana kawo mata. In karɓa, in ja jiki, in ajiye, in dawo. Dutse ɗaya ya kuɓuce mini ya faɗa bayan gida.

Sai na ga ƙusoshin. Sababbi, masu hula, suna sheƙi. Duk lokacin da kwanon ya ɗaga sai su tashi tare da shi, ya koma su tsaya a tsaye. Na kama ɗaya da yatsa biyu. Ta fito ba gardama, kamar an zare tsinke daga tuwo, da garin nan mai ruwan ƙwai a jikinta. Gara ta cinye katakon tun tuni. Babu abin da ƙusar za ta kama. Duk wanda ya buga ta, ya sani tun bugun farko.

Na cusa ta a cikin rigata. Ban san dalili ba.

Kusurwar kan gadon Baba ta ƙi zama. In ɗora dutse, iska ta ɗaga ta ture shi. Ruwa ya fara sauka, manyan ɗigo masu zafi kamar tsakuwa. Na ji Hajiya ta daka tsawa da ta fi ta sama:

"Mahfuzu! Kana mota kana jiran a kawo maka shayi?"

Ashe ya riga ya shigo. Kansa ya bayyana a bakin rufin, farar shaddarsa ta manne a jiki, fuskarsa kamar toka. Ya dube ni, na dube shi. Ya ja ciki ta kan bango har kusurwar, ya kwanta rub da ciki a kan kwanon, ya kama bakinsa da hannu biyu. Iska ta ɗaga shi da kwanon gaba ɗaya, ta sauke. Na ga bakin kwanon ya shiga tafinsa. Bai saki ba.

"Dutsen niƙan!" na yi ihu. "Na tsakiya!"

Yadda mata uku suka hau da shi tsani, ban sani ba. Na dai ji Gwaggo tana cewa bayanta ya tsinke, Hajiya tana cewa ya tsinke gobe. Na tura shi da ƙirji da gwiwa, kaɗan kaɗan, ina jin katako yana kuka a ƙasa, ina cewa ya Allah ba yau ba, ya Allah ba ta hannuna ba. Mahfuzu ya mirgina gefe, ya kama kafaɗata don kada ya zame, muka sauke dutsen a kusurwar.

Kwanon ya yi shiru.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Farar ƙasar da na shafa wa duwatsun ta narke, ta bi kwano ta gangara bango, ta zana layuka a kan shuɗin fentina. Muka sauko kamar kajin da aka tsamo daga rijiya.

Kafin magariba ruwan ya tsagaita. Sai muka ji an janye sanda. Ƙofar ta buɗe.

Baba yana zaune a bakin gado, garin katako a gashinsa, guntun katakon da ya faɗo yana kusa da ƙafarsa mai lafiya. Littattafansa ya lulluɓe su da bargonsa. Kansa bai lulluɓe da komai ba. Na durƙusa na kama gwiwarsa.

"Ku shigo," ya ce wa mutanen. "Tunda kun ga saman gidan, ku ga cikinsa."

Suka shigo. Mahfuzu ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa naɗe da mayafin gwaggonsa, jini yana ɓullowa. Na ciro ƙusar daga rigata na ajiye a kan tiren goron da Hajiya ta tsamo daga ruwa.

"Da yatsa na zare ta," na ce.

Hajiya ta ɗauka, ta murza garin a yatsunta, ta juya ta dubi ɗan ɗan'uwanta.

"Kai ka buga wannan?"

"Ni ne, Hajiya."

"Ka ji ya kama?"

Ya sunkuyar da kai. "Bai kama ba. Na ce bayan Sallah in kawo kafinta a sake katakon. Na duba waya, ta ce babu ruwa sai wani mako. Na ji kunya in sauko in ce mata na kasa."

"Waya," in ji Baba. "Allah ya ƙara mata ilimi."

Na juya gare shi. "Baba, kai ma ka sani?"

"A ƙarƙashinsa nake kwance lokacin da yake bugawa. Hannuna ne ya mutu, ba kunnena ba. Duwatsun kuma, tun daga zaure na gane dutsen niƙan uwarki, ko da kin sa masa hoda."

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Ke ba ki tambaye ni ba. Shi kuma ina so in ga ko zai dawo ya faɗa da bakinsa. Na ba shi har Sallah." Ya kakkaɓe gashinsa. "Bai dawo ba. Amma ya hau. Ban san wanne zan auna ba."

Gwaggo ta matso da tiren. "Yaya, ai komai ya wuce, a karɓi goron mutane."

"Ban karɓa ba, ban mayar ba. A ajiye shi can kan akwatin uwar Laila, ƙarƙashin kusurwar nan. Yaro."

"Na'am, Baba."

"Ka kawo kafintanka, amma kai za ka riƙe masa katako, kuma kai za ka sauko ka faɗa mini abin da ka gani, mai daɗi da marar daɗi. In rufi ya rigayi hadari na gaba, mu fasa goro. In hadari ya riga shi, ni da goron muna wuri ɗaya."

"Baba, ka koma ɗakina kafin nan," na ce. "Don Allah."

"A'a."

Hajiya Memunatu ta miƙe, ta matse bakin zanenta, ta dafa kaina da hannunta mai farar ƙasa. "Wannan yarinya, ko ba a ba mu ba, na gan shi." Ta wuce ta ja kunnen Mahfuzu zuwa mota.

Yau da safe ya turo mini hoton katako a bayan motokin, babur ɗin ɗaukar kaya mai ƙafa uku, da hannunsa a naɗe, da kalma biyu: "Ina hanya." Ban amsa ba. Ban san ko wanda ya yi mini ƙarya nake jira ba, ko wanda ya kwanta a kan kwano.

Ina rubuta muku wannan a gindin dogonyaro. Baba yana ciki yana karatu, goro yana kan akwatin Inna. Motokin bai iso ba tukuna. Ganyen bishiyar nan kuma, tun ɗazu nake kallonsa, ya daina motsi.